An ɗaura aure a Greensboro, ana zaune a Yamai: ina za a samo takardar auren?

Ba'adare ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka san kan takardu su warware mini wani ƙulli. Ƙanena ya yi shekaru a Greensboro, wani birni a Amurka, can ya auri wata ƴar ƙasarmu a 2018, yanzu sun tattaro sun dawo Yamai da ƴaƴa biyu. Ya samu aiki, an ce ya kawo takardar aure don a buɗe masa dosiye a CNSS, asusun fansho da tallafin iyalin ma'aikata, kuma yana son a yi masa livret de famille, wato littafin iyali. Abin da ke hannunsa takarda ɗaya ce mai ado, da Bisimilla a sama da sa hannun liman a ƙasa. Duk inda ya kai ta sai a juya ta gaba da baya a miƙo masa abarsa. Ya ce yana tuna kafin ɗaurin auren sun je wani ofis shi da yarinyar, sun biya kuɗi, an ba su wata takarda sun kai wa liman, daga nan bai sake sa ta a ido ba.

Nan Tawa wasu na cewa kada mu wahalar da kanmu, a samu shaidu biyu a je kotu a ce nan aka ɗaura, a fiddo jugement, wato hukuncin alƙali da ke tabbatar da auren, a wuce wurin. Ni dai hankalina bai kwanta da wannan ba. Sannan ni ma ina da tawa matsalar: an ɗaura mini aure a 2015 a wani ƙauye cikin ƙasar Keita, ba a kai maganar meri, ofishin magajin gari, ba, har yau ba takarda. Hanya ɗaya ce da ni da shi, ko kowa da tasa?

Malam Na-Karolina ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Ba'adare. Albishirinka, wannan ofishin da ƙanenka ya tuna shi ne bakin zaren. Takardar da suka kai wa liman ita ce lasin aure, kuma dama ba ta dawowa hannun ango, shi ya sa bai sake ganinta ba.

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta riƙe rajistar aure. Kowace jiha da dokarta, kuma cikin jihar gunduma ce, abin da suke kira kawunti, ke ba da lasi tana ajiye rajista. Saboda haka ba Washington za a rubuta wa ba, kuma ofishin jakadancin Amurka da ke Yamai ba shi da ita. Greensboro tana gundumar Guilford a jihar Karolina ta Arewa, kuma a wannan jihar ba kotu ke aikin ba, ofishin Register of Deeds ne, wanda ke rajistar filaye da gidaje. Na Guilford ƙofa biyu gare shi, ɗaya a Greensboro ɗaya a High Point. A Ohio da Jojiya kuwa Probate Court za ka nufa, kotun da ke rabon gado. A Maryland da Virginia magatakardan Circuit Court ne. A birnin New York, City Clerk. Aikin ɗaya ne, sunan ƙofar ke canzawa, kuma wanda bai san haka ba sai ya ɓata wata guda yana aika wasiƙa inda ba a san da shi ba.

Yadda ake yi a Karolina ta Arewa: ango da amarya su je da shaidar ko su wane ne, fasfo ko lasin tuƙi, da lambar Social Security, wadda gwamnatin Amurka ke bayarwa don aiki da haraji, wanda dokar ba ta ba shi lambar ba ya yi rantsuwa a rubuce. A biya dala 60, ta Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Lasin yana aiki kwana 60, babu kwanakin jira, kuma ana iya ɗaura auren ko'ina a cikin jihar. In an shafa fatiha, liman ya cike ƙasan takardar, ya sa rana da wuri, ya sa hannu, shaidu biyu su sa, sannan ya mayar wa ofishin da ya ba da ita cikin kwana 10. Sai ta koma an shigar da ita ne take zama shaidar aure. Takarda ɗaya ce tun farko har ƙarshe, a kanta an rubuta Application, License and Certificate of Marriage. Waccan mai Bisimilla ta masallaci ce, ya adana ta, za ta iya yi masa rana in ana neman sunan liman da na shaidu, amma ba ita hukuma ke karɓa ba.

Abin da zai nema sunansa certified copy, kwafin da ofishin ya buga wa hatimi ya sa hannu, dala 10 kowane. Kwafi maras hatimi ya fi araha, kuma ba ya amfanar komai a nan. Ba kowa ake ba mai hatimin ba: mai auren, ko mijin ko matar, iyaye da kakanni, ƴaƴa da jikoki, ɗan'uwa na jini, ko lauyan da ke wakiltarsu. Kai ma kana cikin waɗanda doka ta yarje wa, amma sai ka nuna dangantaka, don haka ya fi sauƙi shi da kansa ya cike buƙatar ta intanet, ya haɗa da hoton fasfonsa, ya biya da katin banki. Ya rubuta sunansa da na matar daidai yadda suka ba da su ranar nan, sunan matar na kafin aure, da ranar ɗaurin auren. Adireshin da za a aika kuwa, ya sa na wani amintacce da ke can Amurka, don takardar tana da sauran tafiya kafin ta kamo hanyar gida.

Abu ɗaya da ke rikita mutane: rajistar tana gundumar da ta ba da lasin, ba inda aka yi taron ba. In a Greensboro suka karɓi lasi aka je Raleigh ko Charlotte aka ɗaura, Guilford za a tambaya. In kuma lokacin suna zaune wani gari ne suka karɓo lasin can, to can take, ko da dukan Greensboro ta ci shinkafar bikin.

Sauran tafiyar da na ce, ita ce ta tabbatar da hatimi. Nijar ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, wadda hatimi ɗaya da ake kira apostille ke wadatarwa, don haka doguwar hanya za a bi. Da farko ofishin Sakataren Jihar Karolina ta Arewa a Raleigh ya tabbatar da sa hannun gundumar, dala 10. Daga nan ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta tabbatar da na jihar, ana cike fom DS-4194, dala 20 kowace takarda. Sannan ofishin jakadancin Nijar a Washington ya ɗora nasa. Kowane mataki na baya yake dubawa, in an tsallake ɗaya za a dawo da takardar. A wurin cike fom ya tabbata ya rubuta Niger, kuma wanda zai kai ya duba da idonsa kafin ya bar wurin, don ma'aikatan can ba duka ne ke bambance Nijar da Najeriya ba. Kuma kada a cire ƙusar da suka maƙale takardun da ita wai don a yi fotokofi. In aka ɓalle ta, tabbacin ya lalace, sai a sake daga farko.

Tunda yaran can aka haife su, a ciro takardun haihuwarsu lokaci ɗaya. Su ma Register of Deeds na gundumar da aka haife su ke bayarwa, dala 10 kowace. Lissafi kenan dala 40 kan kowace takarda kafin kuɗin ofishin jakadancinmu da na aikawa, takarda uku dala 120. Farashi kan motsa, a duba shafin kowane ofis kafin a tura kuɗi. In an gama, a haɗa su a ambulan ɗaya a aiko ta DHL ko hannun matafiyi amintacce.

Tsohon Sakatare ya amsa:

Malam Na-Karolina ya gama da ɓangaren ƙetare, Allah ya saka masa. Ni bari in ɗauki na gida, kuma in fara da shawarar da ake ba ku a Tawa, don ita ce ta fi damuna.

Kada ku yi. Jugement déclaratif ba takardar da ake saye ba ce, hukunci ne na alƙali, bisa rantsuwar shaidu cewa an ɗaura aure kaza a wuri kaza ranar kaza. Wanda ya tsaya ya ce ya halarci ɗaurin aure a Tawa alhali ango da amarya da liman duk suna Greensboro, shaidar zur ya yi, kuma dokar hukunta laifuka tana kama shi da wanda ya kawo shi. Ko a ajiye tsoron Allah da na hukuma gefe, dabarar ba ta da ƙarko. Yaran nan an haife su a Amurka, takardunsu na can, auren iyayensu na rubuce a can. Ranar da za a sabunta musu fasfo, ko wata maganar gado ko fansho ta taso, sai a ga aure ɗaya da takarda biyu, wuri biyu, wataƙila rana biyu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Warware wannan a kotu ya fi dala 120 tsada nesa ba kusa ba.

Abin da ƙanenka ke buƙata sunansa transcription, wato a kwafe auren da aka yi a waje cikin rajistar Nijar. Ofisoshin jakadancinmu suna aikin état civil, wato rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ga ƴan ƙasa da ke waje, don haka tun takardar na Washington ya sa wakilinsa ya tambayi sashen kula da ƴan ƙasa a can game da shigar da auren da haihuwar yaran, kada a tsaya kan buga hatimi kawai. In takardun sun iso Yamai, a kai su wurin mai fassara da kotu ta rantsar ya juya su zuwa Faransanci, da hatiminsa. Fassarar ɗan makwabta da ya iya Turanci ba ta shiga dosiye. Sannan a bi ta ma'aikatar harkokin waje a tabbatar da hatimin ofishin jakadancin. Ya yi fotokofi da yawa ya kai meri a yi musu legalize, wato a buga musu hatimin cewa daidai suke da asali, asalin kuma ya nuna ya karɓe abinsa, kada ya bari a maƙale shi cikin dosiyen kowa.

Yanzu naka, Malam Ba'adare. Kai ne jugement ya dace da kai, don aurenka a gida aka ɗaura kuma lokacin shela ya wuce. Dokar état civil da ke aiki, mai lamba 2019-29 ta 1 ga Yuli 2019, ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa, aure, mutuwa ko saki. Cikin kwanakin nan abu ne mai sauƙi kuma shelar kyauta ce: a je cibiyar shela ta ƙauye, ko kai tsaye meri, a rubuta, a fitar da acte de mariage, takardar aure ta hukuma. In sun wuce, ma'aikacin meri ba shi da ikon rubuta ka ko da shi ne ya raba goron ɗaurin auren. Sai alƙali.

Kuma alƙalin wurin da aka ɗaura, ba na inda kake zaune ba. Naka kotun Keita ce, ba babbar kotun Tawa ba. Mutane da yawa a nan suke asarar kuɗin mota. Ka rubuta takardar buƙata zuwa ga shugaban kotun, ka manna tambur, ka haɗa da takardar haihuwarka da ta maiɗakinka, da katin ɗan ƙasa na kowannenku, da na shaidu biyu. Shaidun su zama waɗanda suka zauna a tabarmar ɗaurin auren da gaske, manya masu hankali, kuma katinsu bai mutu ba. In waliyyi ko wakilin da ya karɓa maka auren suna raye, babu kamarsu. Za a tambaye su wa ya ba da auren, wa ya karɓa, nawa ne sadaki, an biya ko ajalan ne, wane liman, wace shekara. Harkar aure a ƙasarmu bisa al'adar masu auren ake yanke ta, shi ya sa za ka ga malamai masu ba alƙali shawara kan al'ada zaune a gefensa, kuma su sun san tambayar da ke tona wanda bai halarta ba. Ku zauna da shaidunku tun a gida ku daidaita ranar da gaskiya. Mutanen ƙauye da watan Musulunci da damina suke riƙe lokaci, wani zai ce bayan Sallar Layya, wani ya ce bayan girbin gero. A nemo kalandar 2015 a fitar da ranar Bature guda ɗaya kafin a shiga gaban alƙali. Ka duba kuma ranar ta dace da haihuwar ɗanku na fari. Wasu alƙalan kan nemi takarda daga meri da ke nuna an duba rajista ba a ga auren ba, don haka ka biya ta merin komin ɗinku tukuna.

Ka je da maiɗakinka. Duk kuɗin da ka biya a greffe, ofishin magatakardan kotu, ka karɓi rasit. Masu tsayawa bakin ƙofar kotu suna cewa kawo in shigar maka, ba ka buƙatarsu.

Ga inda aka fi yin sakaci: an yanke hukunci, mutum ya karɓi kwafinsa ya ninke ya sa aljihu ya koma gida. Aikin bai ƙare ba. Dole a kai hukuncin merin komin ɗin da aka ɗaura auren a kwafe shi cikin rajistar aure ta shekarar da ake ciki, daga nan ne ake ciro extrait, wato kwafin da aka ciro daga rajistar, kuma da shi ake yin livret de famille. Ka rubuta lambar acte ɗin da shekararsa da sunan cibiyar a wani wuri daban, ka ɗauki hotonsa a waya. Rajistocin nan littattafai ne na hannu a jere bisa shekara. Wanda ya zo da lamba, minti kaɗan a buɗo masa shafinsa. Wanda ya zo da "wajen shekara goma da suka wuce" sai ya jira ranar da ma'aikaci ya samu sarari. Kuma ka lura, auren 2015 da aka yi wa jugement bana, a littafin bana za a neme shi, ba na 2015 ba.

In ba gaggawa kake ba, ka sa kunne ga audience foraine, zaman da alƙali ke fita ƙauyuka yana yanke irin waɗannan hukunce-hukunce a bainar jama'a. An fi yin sa don takardun haihuwa, amma a tambayi maigari ko za a haɗa da na aure.

Hajiya ta Harobanda ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari malamai. Baba Sakatare, ka ce ya je da maiɗakinsa ka wuce da sauri, ni kuwa nan nake son a tsaya. Takardar nan ta fi amfanar matar fiye da mijin. Muddin yana raye, shi ake tambaya kuma bakinsa ya isa. Ranar da ya faɗi ya mutu, ita za a ce ta kawo shaidar aure kafin ta taɓa fanshon mijinta ko kuɗinsa na banki, kuma a lokacin tana cikin takaba, shaidun sun tsufa ko sun rasu, dangin miji kuma ba kullum suke da haɗin kai ba. Don haka a ciro extrait biyu, ɗaya a hannunta, cikin akwatinta, ba cikin jakar maigida ba. Mai mata biyu ko uku kuma kowace da nata acte ɗin daban, da ranarta da sadakinta. Takardar uwargida ba ta rufe amarya.

Sai maganar suna, wadda ita ce ke kashe dosiye fiye da komai. Mahamadou a takardar haihuwa, Mamane a katin ɗan ƙasa, Mohamed a fasfo, mutum ɗaya. Aïchatou nan, Aïssa can. Kafin a rubuta buƙata, a shimfiɗa takardun miji da na mata a tabarma a karanta harafi bayan harafi, kuma takardar haihuwa ita ce uwa, ita za a bi. In magatakarda ya gama rubutu, a karanta kafin a fita daga ofis. Gyara a ranar ba ya cin komai, gyara bayan an shigar rajista kuwa sai an koma wa alƙali.

Ga ƙanen naka akwai ƙarin tarko biyu. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. In an ga 03/08/2018 a takardarsu, 8 ga Maris ke nan, mu kuwa za mu karanta 3 ga Agusta. A ce wa mai fassara ya rubuta sunan watan da haruffa. Na biyu, mu sunan yanka da sunan uba muke da su, su kuma fom ɗinsu na neman sunan farko da sunan dangi, sai a juya su, uba ya koma ɗa. In an bincika ba a gani ba, a juya sunan a sake nema kafin a ce babu.

Akwai kuma tambayar da ba wanda ya yi, kuma ba sai ka amsa ta a nan ba Malam. Shin yana da wata matar a gida kafin ya tafi? Duk jihohin Amurka sun hana aure kan aure, kuma fom ɗin lasi yana tambayar ko ka taɓa aure da yadda ya ƙare. In da wata kuma igiyarta na nan lokacin da ya karɓi lasin, ya ga lauya kafin ya kai takardar ko'ina. In ya sake ta ne da baki, ya sani saki ma sai an kai shi gaban alƙali an tabbatar an ba da takarda, sannan hukuma ta san da shi.

Ba'adare ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya, ba shi da wata, wannan ce ta fari. Maganar jugement na ƙarya kuma mun bar ta. Mun sa wani ɗan'uwa da ke can ya je ofishin, kuma kamar kin gani, sai da aka juya sunan aka same shi. An ce lasin ya fita a 2018 da sunansu, amma ɓangaren da liman zai cike ya mayar babu shi a rajista. Sannan an rubuta sunan mahaifinmu da harafi ɗaya da ya bambanta da na fasfo. Yanzu ina aka dosa?

Malam Na-Karolina ya amsa:

To, an zo wurin. Wannan yana faruwa, takarda ta kwanta a aljihun rigar liman ko ta ɓace a gidan waya, kowa na zaton wani ya kai. Abin farin ciki shi ne lasin ya fita, don dokar jihar ta tanadi mafita ga irin wannan, ana kiranta delayed marriage certificate, shaidar aure ta makara. Ofishin da ya ba da lasin shi ke bayar da ita in an kawo masa rantsuwa a rubuce ta ɗayan hanyoyin nan: ta shaidu biyu da suka halarta, ko ta ɗaya daga masu auren tare da shaida ɗaya, ko ta limamin da ya ɗaura tare da shaida ɗaya. Tunda ango da amarya suna Yamai, hanyar liman ko ta shaidu biyu ta fi sauƙi, don rantsuwar a gaban notary, mai izinin tabbatar da sa hannu, ake sa mata hannu, kuma can kusan kowane banki akwai shi. Nan ne takardar masallacin za ta yi amfani: a duba sunan liman da na shaidu da ranar da ke jikinta. A lissafa kuma a tabbata ranar ta faɗo cikin kwana 60 daga fitar lasin. In ta wuce, lasin ya riga ya mutu kafin a ɗaura, wannan kuma maganar lauyan jihar ce, ba ta ma'aikacin ofishin ba. Wanda zai je wurin liman ya je da ladabi, a nemi taimako ba a ɗora laifi ba, sa hannunsa ake buƙata.

Kafin a fara wannan, ɗan'uwan ya roƙi ofishin su sake dubawa da sunan matar, don wani lokaci takardar ta dawo an jera ta ƙarƙashin wani harafi. Ofishin rajistar jiha da ke Raleigh ma yana riƙe da auren duk gundumomi tun daga 1962, sai dai abin da gunduma ta aika masa ne kawai yake da shi, kuma ya fi jinkiri.

Harafin da ya bambanta, a gyara shi yanzu, kafin a ciro kwafi mai hatimi. Register of Deeds yana da ikon gyara kuskuren suna a lasi in masu auren sun kawo rantsuwa a rubuce da hujja, fasfo da takardar haihuwa. In aka bari sai takarda ta bi Raleigh da Washington ta sha hatimi uku sannan aka gyara, duk hatiman sun tashi a banza, don suna kan tsohon kwafi ne. Jerin aikin kenan: shaidar makara, gyaran suna, sabon kwafi, sannan hatimai.

Tsohon Sakatare ya ƙara da cewa:

Wannan zai ɗauki watanni, don haka ƙanenka ya koma wurin mai kula da ma'aikata a wurin aikinsa ya gaya masa takardar na hanya, a yi masa rajistarsa ta ma'aikaci yanzu, ɓangaren iyali ya biyo baya. Shaidar makarar za ta ɗauki rana biyu, ranar ɗaurin aure a 2018 da ranar da aka shigar da ita. Mai fassara ya fito da su duka biyun a fili, kuma wurin transcription a tsaya a ga ta 2018 aka rubuta a gurbin ranar aure, don yaran biyu bayanta aka haife su. Kai kuma Malam Ba'adare, ka kira greffe na Keita ka ji ranar da ake zaman harkokin al'ada kafin ka ɗauko tsofaffi daga ƙauye, kuma ka duba katin shaidunka tun yau, in ɗaya ya mutu a sabunta shi tukuna.